Muhawara: Shin “skinny”, “gaunt” da “emaciated” duk ramamme suke nufi?

Ɗan_Gwammaja:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Tambayata a kan kalmomin Turanci ne da ake siffanta marar ƙiba da su, musamman wanda ramarsa ta yi tsanani. Idan na duba “skinny” a ƙamus sai ya tura ni ga “thin”, idan na duba “emaciated” ya sake tura ni can, haka “gaunt”, haka “scrawny”, haka “skeletal”. A ganina duk abu ɗaya suke nufi, bambancinsu na ƙarfi ne kawai, wata ta ɗara wata, kuma mai fassara zai iya sa “ramamme” a gurbin kowace daga cikinsu ba tare da ya yi asarar komai ba. Duk wanda yake ganin ba haka ba ne, ina roƙon ya nuna mini inda bambancin yake, domin ina shirya wa ɗaliban aji biyar na sakandare darasi a kai.

Malam_Nahawu:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu je ga Turanci, dubi Hausar da muke yi kullum. Siriri haka Allah ya halicce shi, yana ci yana ƙoshi, lafiyarsa ƙalau, kuma duk abin da zai ci jikinsa ba zai canja ba. Ramamme kuwa ya taɓa samun jiki, sai wani abu ya zo ya zabge shi, ko ciwo, ko yunwa, ko damuwa. Shi ya sa idan ka ce wa mace siririya ce sai ta yi murmushi, idan kuwa ka ce mata ta rame sai ta fara ba ka labarin zazzaɓin da ta yi. Wannan rabuwar tana nan a Turanci. “Slim” da “slender” suna ɓangaren siriri, kuma yabo ne, ta biyun ma ta fi kusa da abin da muke kira santalele ko santaleliya. “Lean” jiki ne marar kitse amma mai ƙwari, irin na 'yan gudun dogon zango, kuma da ita ake siffanta tsokar naman da babu kitse a jikinta. “Emaciated” kuwa ba a faɗa wa wanda aka haifa siriri, dole sai ciwo ko yunwa sun cinye naman jikinsa har ƙasusuwa sun bayyana. Tushenta Latin ne, daga “macies”, wato rama, kuma ta shigo Turanci a ƙarni na 17. “Thin” ce kaɗai take tsaye a tsakiya, tana iya faɗawa kowane ɓangare, sai kalmomin da ke kewaye da ita sun nuna inda mai magana ya dosa. Saboda haka idan ka sa “ramamme” a gurbin “slender”, ka mayar da yabo ya koma jaje.

Ɗan_Gwammaja:
Na gode, Malam, na karɓi wannan. Amma ni waɗanda suka fi damuna su ne na ɓangaren tsananin rama. A cikinsu har yanzu ban ga abin da ya raba su ba in ban da ƙarfi.

Editan_Dare:
Ɗan'uwa, akwai abin da ya raba su, kuma shi ne wurin da idon mai magana ya sauka a jikin mutum. Aikina gyaran labarai kafin su tafi ɗab'i, don haka da waɗannan kalmomin nake kwana. “Gaunt” kalmar fuska ce kafin komai: kumatu sun lotsa, idanu sun zurma, ƙashin muƙamuƙi ya fito. Mutumin da aka sako daga hannun masu garkuwa, ko fursunan da ya daɗe a tsare, ko majinyacin da ya tashi daga doguwar jinya, su ake cewa “gaunt”, ko da yana sanye da babbar riga ba ka ga sauran jikinsa ba. Akwai nauyi da ɗan kwarjini a cikinta, babu raini, har ma ana siffanta tsohon gini ko busasshiyar bishiya da ita. “Haggard” ma ta fuska ce, amma gajiya da rashin barci da damuwa take nunawa, kuma mai ƙiba zai iya zama “haggard” bayan kwanaki yana jinyar ɗansa a asibiti, don haka ba lallai ne ta shiga jerin rama ba. “Bony” kan gaɓoɓi take sauka, yatsu, gwiwa, kafaɗa. “Scrawny” kuwa wuya da damatsa take kallo, kuma akwai raini a cikinta, mafi kusa da ita a Hausa shi ne figagge. “Lanky” dogo ne lange-lange wanda gaɓoɓinsa suka yi masa yawa, lafiyarsa lau, yawanci saurayi mai tasowa. Sai “skeletal”, wadda take cewa mutum ya koma kwarangwal, ƙashi da rai. Ita da “emaciated” ne aka fi gani a rubuce-rubucen da ke bayanin waɗanda sojojin Birtaniya suka tarar a sansanin Bergen-Belsen a watan Afrilun 1945, da yaran yaƙin Biyafara daga 1967 zuwa 1970, da yunwar Habasha ta 1984. Kalmar da ta ɗauki irin wannan tarihin ba a sa ta a labarin ɗan wasan da ya rage ƙiba.

Baban_Khalifa:
Ni ina tare da mai tambaya. Ɗalibin aji biyar da ke fama da yadda zai haɗa jimla daidai, ina shi ina bambancin “gaunt” da “haggard”? A koya masa “thin” da “very thin”, ya isa ya ci jarrabawa.

Malama_Rabi:
Baban Khalifa, ban yarda ya isa ba, kuma jarrabawar ce ma dalilina. A takardar Turanci ta WAEC da ta JAMB akwai sashen da ake ba ɗalibi jimla a ce ya zaɓi kalmar da ta fi kusa da ma'anar wadda aka ja wa layi, da wani sashen da ake neman kishiyarta. Zaɓin guda huɗu sau da yawa 'yan gida ɗaya ne, kuma wanda ya haddace cewa duk “thin” suke nufi zai tsaya yana kallonsu. Yadda nake yi a aji shi ne ba na ba da kalmar ita kaɗai, ina ba da ita tare da abokiyar zamanta: “gaunt face”, “bony fingers”, “scrawny neck”, “emaciated body”, “slender waist”. Yaro ya riƙe su biyu-biyu, daga baya kunnensa da kansa zai ƙi karɓar haɗin da bai dace ba.

Anti_Nas:
Ina so in shigo da ɓangaren asibiti, domin a wurinmu kalmomin nan awo ne, ba a barin su ga ganin ido. Ina aiki a sashen kula da yara masu tamowa. A fom ɗin da muke cikewa babu “skinny” kuma babu “gaunt”, kalmomi uku ne: “wasted”, “stunted” da “underweight”. Ta farko ita ce yaron da nauyinsa ya gaza abin da ya dace da tsawonsa, wato ya ƙanjame a ɗan lokaci kaɗan saboda gudawa, ko ƙyanda, ko yankewar abinci. Ta biyu yaron da tsawonsa ya gaza abin da ya dace da shekarunsa, wato ya tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki na tsawon lokaci, kuma irin wannan yaron zai iya zama kumatunsa cike, babu alamar rama a jikinsa ko kaɗan. Ta uku nauyi ne idan aka gwada shi da shekaru. Muna da ɗan tef mai launi uku da muke zagaya wa damtsen yaro daga wata 6 zuwa wata 59, a tsakiyar tazarar da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Idan ya tsaya a kan ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya ne, tamowa matsakaiciya. Daga nan zuwa sama kore ne. Sau da yawa uwa za ta ce ai ɗanta siriri ne, gadon ubansa ya yi, tef ɗin ya nuna ja. Wani yaron kuma kowa yana cewa ya rame, tef ya nuna kore. Duk mai fassara takardun kiwon lafiya ya kiyaye, kada ya haɗa “wasted” da “stunted” ya kira su duka rama, domin ƙididdigarsu daban ce, abin da ake yi wa kowane yaro ma daban ne.

Editan_Dare:
Ƙari a kan maganar Anti: a bakin matasan Ingila da Amurka “wasted” na nufin wanda ya bugu ya yi tatul. Don haka a labarin da talakawa za su karanta mukan rubuta “acutely malnourished”, mu bar waccan ga rahoton masana.

Zongo_Nima:
Gaisuwa daga Ankara, babban birnin Ghana. Tun da Anti ta kawo zancen tamowa, akwai kalmar da ta shiga Turanci daga nan garin, wato “kwashiorkor”. Daga harshen Ga take, kuma ma'anarta ciwon da ke kama yaro idan aka yi masa ƙane aka ture shi daga nono, abin da iyayenmu ke gudu idan suna faɗa a kan kwanika. Likita Cicely Williams, haifaffiyar Jamaika da ta yi aiki a nan zamanin ana kiran ƙasar Gold Coast, ita ta yi bayanin ciwon a 1933, sannan ta shigar da sunan cikin rubutun likitanci a 1935. Abin da ya sa na kawo shi, mutane da yawa a Najeriya da nan Ghana suna cewa wane kamar mai “kwashiorkor” suna nufin ya rame ƙwarai, alhali alamar wannan ciwon kumburi ce, ƙafafu da fuska su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi. Wanda ke busar da yaro har fuskarsa ta koma ta tsoho shi ne “marasmus”, kuma shi ne ya dace da “emaciated”.

Anti_Nas:
Haka yake, ɗan'uwa. Shi ya sa bayan tef muke danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro duka biyu na daƙiƙa uku. Idan gurbin yatsan ya zauna bai ciko ba, tamowa ce mai tsanani, ko nawa ma'auni ya nuna.

Ummu_Safiyya:
Ina zaune a Birmingham, kuma ina so in yi magana a kan “skinny”, domin na ga an wuce ta, alhali ita ce ta fi kowace wahalar kamawa. Littattafan koyon Turanci da muka karanta a gida sun ce kalmar kushe ce, mutum ya yi sirantakar da ba ta da kyau. Hakan gaskiya ne har yanzu idan kaka tana faɗa wa jikanta, tana nufin ba ya cin abinci. Amma a bakin 'yan mata da yawa a nan ta koma abin nema, wata za ta ce wa ƙawarta ta zama “skinny”, ita kuma ta ji daɗi. Ga ta kuma a kasuwa: “skinny jeans” shi ne wando matsattse, “skinny latte” kuma kofi ne da aka haɗa da madarar da aka cire wa mai. Wato ma'anarta ta dogara da wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga ɗalibanka, Malam, shi ne al'adar da ke bayan kalmomin. A wurinmu idan ka ce wa mutum ya yi ƙiba, ka yaba masa ne, kana nufin hankalinsa a kwance yake, idan ka ce ya rame kana tausaya masa. A nan abin a juye yake. Ka ce wa abokiyar aikinka ta ƙara jiki, ka jawo wa kanka magana. Ka ce mata ta rage nauyi, ta yi maka godiya. Mafi aminci ma shi ne kada ka ce komai game da jikin wanda ba ku shaƙu ba.

Malam_Nahawu:
Abin da Hajiya ta faɗa game da sauyin “skinny” ya taɓa faruwa da “slim” ma. Daga yaren Holan ta shigo a ƙarni na 17, inda take ɗauke da ma'anar karkatacce ko marar kyau, kuma 'yar'uwarta “schlimm” har gobe mummuna take nufi a Jamusanci. Yau kuwa ita ce kalmar da masu tallan magungunan rage ƙiba suka fi so. Burbushin tsohuwar ma'anar ƙanƙanta ya rage a “slim chance”, wato damar da da ƙyar ne ta tabbata.

Ɗalibar_Likita:
Akwai lokacin da “slim” ta koma kalmar tsoro a Afirka. A farkon shekarun 1980, a yankin Rakai na Yuganda, mutane suka fara kiran wani sabon ciwo “slim” saboda yadda yake ƙarar da jikin mai shi, har aka buga rahoto da wannan sunan a mujallar likitanci ta Lancet a 1985. Shi ne ciwon da mu kuma muka kira ƙanjamau, daga ƙanjamewa. Al'ummomi biyu da ba su haɗa harshe ba suka sa wa ciwo suna da abin da ido ke gani, kuma hakan ya jawo duk wanda ya rame ana zarginsa, ko da tarin fuka ne ko ciwon suga ke damunsa. Ina ganin shi ya sa gidajen rediyo yanzu suka fi cewa cuta mai karya garkuwar jiki.

Sannan ina so in ja hankali a kan “anorexic”, domin na sha ganin ana rubuta ta a Facebook a matsayin wata hanyar cewa mace ta cika sirantaka. Sunan ciwo ne, “anorexia nervosa”, wanda likitan Ingila William Gull ya raɗa wa suna a 1873. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ɗabi'ar cin abinci, mai shi yana hana kansa ci saboda tsananin tsoron ƙiba, kuma yana kisa. Kiran siririyar mace da wannan sunan zagi ne gare ta, kuma wasa ne da ciwon wasu. A bakin likita kuma “anorexia” ita kaɗai rashin sha'awar abinci take nufi, mai zazzaɓin cizon sauro ma ana rubuta masa ita. Ramar da ke biyo bayan ciwon daji, ko tarin fuka, ko gazawar zuciya tana da nata sunan, “cachexia”, daga Girkanci, ma'anarta mummunan hali na jiki. Abin da ya bambanta ta da ramar yunwa shi ne ciwon da kansa ke narkar da tsoka, don haka abinci kaɗai ba ya mayar da jikin. Ga manya kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana amfani da lissafin BMI, wato a raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau kansa. Ƙasa da 18.5 shi ne “underweight”, ƙasa da 16 kuma “severe thinness”.

Ummu_Safiyya:
Wannan lissafin har dokoki aka gina a kansa. A 2006 masu shirya bikin nunin tufafi na Madrid sun hana 'yan matan da lissafinsu ya gaza 18 fitowa, kuma Faransa ta yi doka a 2015, ta fara aiki a 2017, wadda ta wajabta wa masu tallan tufafi takardar likita. A jaridun nan idan ana sukar irin wannan sirantakar sai ka ga “stick-thin”, ko “painfully thin”, ko “size zero”. Ta tsakiyar tana nufin ramar da mai kallo ma yake jin zafinta.

Likitan_Dabbobi:
Malam mai tambaya, ga hujja daga mayanka cewa bambancin bai tsaya ga ƙarfi ba. A ƙa'idar duba nama, “leanness” da “emaciation” hukunci biyu ne daban. Saniyar da ta sha wahalar rani, ta yi tafiya mai nisa babu ciyawa, idan aka feɗe ta za ka ga kitsenta kaɗan ne amma fari ne mai tauri kamar yadda aka saba, tsokar ja ce mai ƙarfi, ɓargon ƙashinta a daskare. Wannan “lean” ce, namanta ya halatta a sayar, sai dai mahauci ya yi ƙorafin riba. Wadda sammore ko ciwon hanta ko tarin fuka ya cinye kuwa, idan ka duba kewayen ƙoda da zuciya za ka tarar kitsen ya narke ya koma wani abu mai yauƙi da ruwa-ruwa, ɓargon ya tsinke, naman ya jiƙe ba ya tsanewa ko an rataye shi. Wannan ita ce “emaciated”, kuma hukuncinta a hana sayar da naman. A tsaye a kara, su biyun haƙarƙarinsu a waje yake, mai saye zai ce duk ramammu ne. Kalmar da likita ya rubuta a takarda ita za ta raba wadda za ta shiga kasuwa da wadda za a binne.

Almajirin_Zaure:
Maganar shanu ta tuna mini da mafarkin sarkin Masar a Suratu Yusuf, aya ta 43, inda ya ga shanu bakwai masu ƙiba, waɗansu bakwai ramammu suna cinye su. Kalmar Larabcin ita ce “ijaf”, kuma fassarorin Turanci da na karanta “lean” suka sa. To, idan “lean” jiki ne mai ƙwari kamar yadda Malam Nahawu ya ce, yaya aka yi ta zama siffar shanun fari?

Malam_Nahawu:
Tambaya mai kyau, Alaramma. “Lean” tsohuwar kalma ce tun Turancin farko, kuma asalin ma'anarta marar kitse, ko da lafiya ko babu. Ma'anar yabo ta ƙarfafa ne daga baya, a zamanin da kitse ya zama abin gudu. Tsohuwar ma'anar tana nan a siffanta dabbobi da lokuta, kuma daga wannan ƙissar, wadda take cikin Littafin Farawa sura ta 41 a wurin Kiristoci da Yahudawa, Turawa suka samo “lean years”, wato shekarun ƙunci. Bayanin Likitan Dabbobi ma ya dace da haka, domin shanun fari abinci suka rasa.

Tafinta_Damagaram:
Mu da muke fassara tsakanin Faransanci da Turanci da Hausa a Nijar muna cin karo da wannan kowace shekara. Watannin Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba, rahotannin Turanci suna kiransu “lean season”, na Faransanci kuma “soudure”. A Hausa ba na cewa lokacin rama, ina cewa tsakiyar damina kafin kaka, lokacin da abinci ke yanke wa manoma. Faransanci ma yana da rabuwar da aka fara da ita: “mince” siriri ne, “maigre” ramamme. Ita “maigre” ɗin kuma ita ce ta shiga Turanci ta zama “meagre”, wadda yanzu an fi siffanta albashi ko abinci da ita idan bai taka kara ya karya ba. Tushensu ɗaya da “emaciated”.

Baban_Khalifa:
Duk na ji, amma har yanzu a Turancin da muke yi a Najeriya babu mai wannan tantancewar. Kowa cewa yake “you have leaned” ko “you have reduced”, kuma ana fahimtarsa.

Editan_Dare:
Ana fahimtarsa a Kano da Legas, Baban Khalifa, kuma ba na ganin aibu ne a hira. Amma ɗalibi ya san cewa Bature idan ya ji “leaned” jingina zai fahimta, domin aikatau ɗin da ya sani ke nan, kuma mai duba takardar jarrabawa zai ja masa jan biro. Abin da suke cewa shi ne “you have lost weight”. Haka kuma muna yawan rubuta “he has emaciated”, su kuwa kusan kullum siffa suke yi da ita, “he looked emaciated” ko “he was severely emaciated”. Na kuma lura marubutanmu suna son ta ne saboda tsawonta, suna ganin ta fi nuna ilimi, sai a siffanta ma'aikacin da albashinsa ya yi jinkirin wata ɗaya da ita. Idan aka kashe babbar kalma a kan ƙaramin abu, ranar da za a ba da labarin yaran sansanin 'yan gudun hijira sai a rasa abin faɗa.

Ɗan_Gwammaja:
Na amfana ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai har yanzu ina riƙe da wani yanki na maganata. Idan na jera “thin”, “skinny”, “emaciated”, “skeletal”, ai kowa zai yarda kowace ta fi wadda ta gabace ta tsanani. Ashe ke nan jerin ƙarfin yana nan, sauran kalmomin ne suka fita daga layi.

Malama_Rabi:
Jerin zai yi aiki a allo, Malam, amma ka sa musu alama tsakanin ta biyu da ta uku, domin a nan ne ake tsallakawa daga siffar jiki zuwa ciwo. Yaro “skinny” zai iya fin kowa gudu a makaranta. Ka ƙara musu “wiry” ma, siriri mai jijiya da ƙarfi, irin jikin makiyayi da ya saba da doguwar tafiya, don su ga cewa tsananin sirantaka ba kullum yake nufin rauni ba.

Malam_Nahawu:
Ni ko a allo ba zan sa “skeletal” sama da “emaciated” ba. Ta farko hoto ce, tana faɗin abin da ido ya gani. Ta biyu tana faɗin abin da ya faru da jikin. Likita zai rubuta ta biyu a fayil, ɗan jarida ya rubuta ta farko a kanun labari, kuma mutum ɗaya suke nufi a rana ɗaya.

Tafinta_Damagaram:
A nan zan saɓa wa Malam kaɗan. A rahotannin da nake fassarawa na sha ganin an haɗa su, a ce mutum “emaciated” ne har ya kusa zama “skeletal”, wanda ke nuna marubucin yana ɗaukar ta biyun a matsayin ƙarshen lamarin. Ni dai ta farko nakan ce ya ƙanjame, ta biyu in ce ya zama ƙashi da fata, “gaunt” kuma in bar jikin in koma fuska, in ce idanunsa sun zurma.

Anti_Nas:
Kafin Malam ya rufe jerinsa, kada ya sa “malnourished” a ciki, ko da yake Editan Dare ya ambace ta kuma ana yawan ganinta kusa da hoton ramammen yaro. A ma'anar Hukumar Lafiya ta Duniya, “malnutrition” ta haɗa da ƙarancin abinci, da ƙarancin sinadarai irin su ƙarfen jini da aidin da bitamin A, da kuma ƙibar da ta wuce kima. Mace mai ciki da jininta ya yi ƙasa tana cikinta ko da jikinta a cike yake. Idan ana nufin ɓangaren ƙaranci kaɗai, kalmar ita ce “undernourished”, idan kuma ana nufin yaron da tef ya nuna ja, sai a rubuta “severe acute malnutrition”, wadda muke taƙaitawa da SAM a katin yaro.